Torkula Mai Jira a Mota

Duk wanda ya taɓa neman motar shata a Lafiya don ya zaga da baƙinsa, da wuya a ce ba a tura shi wajen Torkula ba. Ba shi da ofis, ba shi da allon talla. Abin da yake da shi tsohuwar mota ce ƙirar Siyena ruwan toka, wadda yake gogewa kowace safiya kamar za a kai ta gasa, da wata 'yar waya rakani-kashi da ya ɗaure da roba don kada murfinta ya faɗi. Amma bari Disamba ta kama, 'yan hutu su fara dawowa daga Abuja da Legas da yaransu masu ƙorafin zafi, sai ka ga wayar nan ba ta hutawa. 'Yan bautar ƙasa da ke son ganin Farin Ruwa, ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, malamin jami'a da ya zo da Baturensa mai bin tsuntsaye da madubin hangen nesa, ango da amarya masu neman wurin hoto, duk maganar ɗaya ce: a kira Baba Torkula na unguwar Akurba.

Mutumin Tibi ne, an haife shi a wani ƙauyen manoman doya can bayan Obi. Shi dai tun yana yaro garma ba ta kwanta masa a rai ba. Idan babbar mota ta shigo ƙauye ɗaukar doya, sai ya jefar da aiki ya je ya tsaya yana shaƙar warin gas. Wata rana motar ta tashi da shi a saman kaya, shi ke nan, gona ta yi asararsa. Ya yi karen mota shekara da shekaru, ya sha ranƙwashi, ya kwana ƙarƙashin mota a Makurɗi da Jos. A nan ya tsinci Hausarsa ta tasha, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne, har matarsa. Daga baya ya samu lasin, wani ɗan cocinsu ya yi masa hanya aka ɗauke shi direba a wata ma'aikata.

A can ne aka yi masa tarbiyyar da ta zame masa jiki. Ogansa na farko wani darakta ne mai tsare gida, bai taɓa zaginsa ba, bai kuma taɓa yi masa dariya ba. Shi ya koya masa cewa direban kirki kunnensa ba ya jin hirar bayan mota. Ba ya zama inda masu mota ke cin abinci, ko an yi masa tayi sai ya ce ya ƙoshi. Idan aka ɗaga kyamara ya matsa gefe, in ma da hali ya karɓa shi ya ɗauke su. Uwa uba, ba ya barin mota ita kaɗai da kayan mutane a ciki. Torkula ya riƙe wannan karatu fiye da yadda ya riƙe na coci. Shugabanni suka zo suka wuce, kowa na yabonsa, har ya yi ritaya ya sayi Siyenarsa ya zama ogan kansa. Daraktan nan ya daɗe da rasuwa, amma Torkula bai sauke ko ɗaya daga cikin dokokinsa ba.

Shi ya sa za ka sha mamaki idan aka ce maka mutumin da ya kai jama'a ba adadi Farin Ruwa, zuwansa gindin ruwan bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Yakan kai su inda mota ke tsayawa, ya haɗa su da jagora na ƙauyen, ya shawarci mata su cire takalma masu tsini, sannan ya koma inuwa ya buɗe ƙofa ya zauna. Daga nan yana jiyo rugugin ruwan. Idan suka dawo a jiƙe suna haki suna nuna wa juna hotuna, sai ya leƙa ta kafaɗarsu ya ce ai kuwa ya yi kyau. Haka a Keana wajen mata masu dafa gishiri, haka a madatsar ruwa ta Doma, haka a Pandam inda ake zuwa dakon dorina. Ya san kowane rami da ke hanyoyin nan, ya san inda birai ke fitowa shan hantsi, ya san mai gasa doyar da ba ta cuta. Wuraren kansu kuwa, yawancinsu a wayoyin mutane ya gan su.

Matarsa Francisca ce kaɗai ta iya da shi. Lemu take sayarwa a kasuwa, mace mai baki, takan ce masa ko a gidansa ma zama yake kamar mai jiran a sallame shi. Ita ke janyo shi tsakar gida ta zaunar da shi gaban kwano, ita ke sa shi magana ko bai yi niyya ba. A cikin 'ya'yansu ɗaya ce ta rayu, Msurshima, wadda ta yi karatun jinya ta samu aiki a Fatakwal, ta auri wani mutumin can mai suna Vincent. Da Francisca ta rasu, Msurshima ta zo jana'iza da tsohon ciki, ta koma ta haifi mace aka sa mata Ngumimi. Tun daga nan ba ta sake takowa ba. Ba rashin so ba ne. Hutun asibiti ba ya samuwa, ga nisa, ga tsoron hanya. Shi kuma ko an ce ya zo, sai ya ce wa zai bar wa mota. Sai dai waya ranar Lahadi bayan an taso coci, a miƙa wa yarinya ta yi masa gwaranci da Turanci ta gudu. Wayarsa ba ta nuna hoto, saboda haka bai san fuskar jikarsa ba, ita ma ba ta san tasa ta yanzu ba.

Gidan Akurba ya yi masa faɗi, duk da ɗaki biyu ne da baranda. Yini yake cikin hayaniyar iyalan wasu, ana dariya ana faɗan yara ana rabon nama a bayansa, da yamma ya sauke su a ƙofar gidajensu su ce Allah ya saka, ya juya kan mota shi kaɗai. Yakan fito da kujerar roba ya zauna kusa da Siyena da rediyo a cinya, ba don yana sauraro ba, don dai a ji murya a gidan. Abokansa na tasha wasu sun mutu, wasu sun koma ƙauye. Maƙwabciyarsa Rabi'a, 'yar Gwandara mai sayar da alale da kunu, ita ke leƙo shi ta kawo masa abinci ta tsokane shi, ta ce ko motar ce ya aura a sanar da unguwa. Kaɗaici ya ci mutumin nan sosai, ba ya kuma gaya wa kowa.

Ana nan, wata Lahadi Msurshima ta ce masa ta samu hutu, za su zo su uku da an gama Kirsimeti, su koma kafin sabuwar shekara. Ta ce Ngumimi ta shiga firamare, ta damu kowa da zancen dabbobi, dorina take son gani ido da ido, kuma an gaya mata kakanta ya san inda suke. Ranar nan Torkula kasa cin abinci ya yi don murna. Abu ɗaya ne a ransa, har ya faɗa wa Rabi'a da bakinsa, wanda ba halinsa ba ne: so yake yarinyar nan ta san shi. Ta dube shi ta kira shi kaka, ta koma Fatakwal da shi a kanta. Ya san shekarunsa, ya san nisan hanya, bai yaudari kansa cewa za a yi ta irin wannan zuwan ba.

Daga ranar ya shiga shiri irin nasa. Duk wanda ya bugo neman shata a makon sai ya ba shi haƙuri, ya ce yana da manyan baƙi. Ya canja tayoyin gaba, ya kai esi mai sanyaya mota aka gyara, ya sa aka wanke kujeru har sai da warin manja na shekarun baya ya fita. Ya tsara tafiyar a kansa tsaf, yau nan gobe can, a ajiye dorina a ƙarshe don daɗin ya zo a baya. Rabi'a ce ta tuna masa cewa baƙi ba a mota suke kwana ba. Sai ya je Obi ya zaɓo doya mai kyau, ya sayo ƙaton zakara ya ɗaure a gindin mangwaro, domin a wajensu baƙon da ka girmama sai ka yanka masa kaza ka daka masa sakwara ya ci a gidanka. Rabi'a ta ɗauki alkawarin daka, ta ce ko bayanta zai karye sai ta yi.

Ana saura 'yan kwanaki Msurshima ta bugo tana kame-kame. Wai Vincent ya kama musu ɗaki a otal saboda wuta, kuma cizon sauro na yi wa yarinyar illa a fata. Torkula ya ce ai hakan ya fi, ya yi daidai. Abin ya sosa masa rai, ba ƙarya. Amma da ya ajiye wayar ya juya ya dubi gidansa da irin idon da baƙinsa ke duban wurare, ya ga bangon da ruwa ya ci, da rijiya, da igiyar shanya, sai ya ga babu abin tsayawa kallo a nan. Ya bar zuwa gida a matsayin abin da za a yi idan an samu sarari.

Da la'asar sakaliya motarsu ta iso tashar hanyar Makurɗi. Msurshima ta sauko, ta yi jiki, ta ɗauko tafiyar uwarta sak. Tana ganinsa ta rungume shi tana kuka a gaban 'yan kamasho da masu tallan ruwa. Torkula ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗan bubbuga bayanta, ya zame, ya yi wuf ya kama akwatuna. Vincent, dogon mutum mai ladabi, ya yi ta ƙoƙarin karɓa, ina, tsoho ya riga ya kai su but ɗin mota. Yarinyar tana kafaɗar ubanta tana barci baki buɗe, an yi mata kitso da duwatsu masu launi. Ya tsaya yana dubanta, ya ɗaga hannu kamar zai taɓa kumatunta, sai ya tuna ɗazu ya taɓa taya. Ya mayar da hannun ya buɗe musu ƙofar baya.

Washegari tun da sanyin safiya yana harabar otal. Ka ce ya hau sama ya ƙwanƙwasa ƙofar 'yarsa mana, wa zai hana shi? A'a. Ya yi fakin inda direbobi ke fakin, ya ɗauko tsumma ya hau goge gilas yana hira da mai gadi. Da suka fito uwar ta turo yarinyar ta ce ta gaishe shi. Ngumimi ta yi gaisuwarta daga bayan siket ɗin uwarta, shi kuma ya amsa da Turancinsa na aiki, wanda duk ladabi ne, har da ɗan rusunawa. Msurshima ba ta ga dalilin dogon bayani ba, ai tun daga Fatakwal take gaya mata wajen kaka za su. Da Torkula kuma Tibi take yi, yaren da yarinyar ba ta jin ko zo in kashe ki a cikinsa. Vincent yana ce masa "sa", yallaɓai ɗin Turanci, shi ma yana mayar masa da "sa", ba ka gane wane ne surukin wani.

Hanyar Akwanga suka fara ɗauka. Wajen duwatsun Eggon ya rage gudu ba tare da an tambaye shi ba, ya gangara gefe ya kashe injin. Ba a jima ba sai ga birai kan wani falalen dutse, har da uwa da ɗanta manne a ciki. Yarinya ta dinga tsalle a kujera tana dukan gilas. Torkula na kallonta ta madubi, zuciyarsa fal. Da a ce ya juyo ya ce mata zo nan ki gani da kyau, ya ɗora ta a cinya, da an gama magana tun ranar farko. Bai juyo ba. Ya jira suka gama ɗaukar hoto ya tayar da mota.

A Farin Ruwa Msurshima ta ce ya kulle mota ya zo su tafi tare. Ya ce jakunkuna na ciki. Ta ce a bar wa wani ya duba. Ya ce ba a yin haka. Ta dube shi, ta kama hannun 'yarta suka bi jagora. Ya zauna a inuwarsa ta kullum yana jin rugugin ruwa, yana kintacen inda suka kai, yanzu sun tsallake rafi, yanzu yarinya ta gaji an saɓa ta a wuya. Da suka tsaya cin abinci a Akwanga kan hanyar dawowa, Vincent da hannunsa ya ja masa kujera. Torkula ya ce gaskiya ya ƙoshi, alhali tun kokon safe ba abin da ya shiga cikinsa. Ya fita ya sayi gasasshiyar doya ya ci a tsaye a bayan mota, yana leƙensu ta taga.

Kada ka ce fushi yake yi ko girman kai. Ko kusa. So yake komai ya tafi daidai, kada a samu inda za a ce an gaza, kuma hanya ɗaya ya sani ta kyautata wa wanda ya shiga motarsa. Ita kuwa Msurshima ta ɗauka maganar otal ce ta ɓata masa rai yake horon ta da shiru. Kunya ta kama ta, ta daina matsa masa. Haka uba da 'ya suka yi ta zagaye juna, kowa na lallaɓa kowa, abin haushi. Duk yamma yarinya takan tambaya yaushe za a je gidan kaka, uwar ta ce sai an gama yawo. Shi ma yana ji, har daɗi yake ji wai tana ɗokin gidansa.

A Keana matan da ke dafa gishiri suka karɓi yarinyar suna yi mata wasa, wata tsohuwa ta zuba mata kaɗan a tafin hannu, ta lasa ta yamutsa fuska aka yi ta dariya. Nan babu nisa da mota, saboda haka ya matso. Aka jeru za a yi hoto, Msurshima ta ce masa ya shigo. Kafin ta rufe baki ya karɓe wayar daga hannun Vincent, ya ja baya, yana ce musu su matsa hagu rana na bayansu. Hoton ya yi kyau ƙwarai, don ya iya. Da za su tafi uwar ta ba yarinya kwalbar lemo ta ce ta kai masa. Ta kawo da hannu biyu, ta ce masa ya iya tuƙi. Ranar nan har ya isa gida murmushi yake shi kaɗai.

Rabi'a ce ba ta ga abin murmushi ba. Kullum sai ta wanke turmi ta jira, kullum sai ya dawo shi kaɗai, ga zakara ya ishi unguwa da cara. Ta tare shi a bakin ƙofa hannu a ƙugu.

"Baba Torkula, wai kai ne uban matar nan ko haya suka ɗauke ka?"

Ya yi dariya ya ce gobe in Allah ya yarda, daga Pandam nan za su zarce, ai hanya ɗaya ce.

"To. Ni dai na faɗa maka. Tun da suka zo ƙeyarka kawai yarinyar nan take gani."

Pandam kan hanyar Shendam yake, sai an bi ta bakin Akurba ake zuwa. Da za su fita da hantsi ya nuna wa Msurshima kwanar gidan da haɓa, ta ce ta gane, an dai yi gine-gine. Suka isa, ya haɗa su da ma'aikacin da zai kai su bakin tabki. Wannan karon 'yar tasa ba ta ma ce ya zo ba, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Ita kuwa dorina ba ruwanta da shirin kowa. Suka yi ta jira, rana ta take, ta karkata, shi yana bin inuwa da mota. Sai da rana ta yi ja sannan ya jiyo muryar yarinyar tun daga nesa. Ta gani, kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa, sannan dabbar ta ɗago ta yi hamma. Ta zo da gudu bakinta cike da labari, ta wuce shi a bakin ƙofar da ya buɗe mata, ta faɗa kujera tana gaya wa 'yar tsanarta.

Kafin su yi nisa ta yi barci. Vincent ma kansa na lilo. Magariba ta kawo jiki lokacin da suka iso kwanar Akurba. Torkula ya ɗaga ƙafa daga totur, har ya kunna sigina. Daga titi yana hango hayaƙi na tashi ta wajen gidansa, Rabi'a ta ɗora tukunya ke nan. Ya dubi madubi. Yarinya ta langaɓe a jikin uwarta, ƙafafu duk taɓo, uwar kanta idanunta sun yi ja. A duk shekarunsa na tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinjan da ya gaji haka ya kai shi wani wuri ba masaukinsa ba. Ya kashe sigina ya taka mota.

"Baba, ba za mu shiga ba?" in ji Msurshima da yarensu, a hankali.

Ya ce yarinya ta gaji, a bari sai da safe kafin su wuce tasha. Kai jama'a, mutum da kwanar gidansa. Da ya dawo ya tarar Rabi'a ta sa an yanka zakara, ta daka sakwara mulmul, ta jera kwanuka a baranda. Ta leƙa cikin mota ta ga ba kowa. Ta juya ta shige gidanta ta turo ƙofa. Ya zauna gaban abincin mutum huɗu ya ɗan taɓa, sauran ya bi maƙwabta da shi gida-gida.

Safiya kuma ta zo da nata. Takalmin yarinya ɗaya ya ɓace aka yi ta nema, gishirin tsaraba ya ƙi shiga akwati sai da aka sake shiri, ga 'yan tasha na bugowa wai an fara lodi. Da suka fito harabar otal kowa ya san babu zancen Akurba, ba dai wanda ya furta. Ya loda kaya, ya buɗe musu ƙofa, ya rufe.

Suna cikin cunkoson keke-napep na tsakiyar gari Ngumimi ta miƙe a kujera ta leƙa waje, ta waiwaya ta ga akwatuna a baya, ta gane tafiya ce. Ta juya wajen uwarta da Turancinta mai zaƙi, wanda Torkula ke ji sarai.

"Mami, tafiya za mu yi ba mu ga kaka ba?"

Msurshima ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta ce wace irin magana ce wannan, ga kakanki nan a gabanki, shi ke ta yawo da ke. Yarinya ta dubi ƙeyar da ke gabanta, da hular, da hannuwan da ke kan sitiyari. Ta girgiza kai.

"Wannan ai direba ne. Kaka na hoton falonmu zane yake da shi mai baƙi da fari, kuma a zaune yake a tsakiya, ke kina gefensa."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tsakaninta da Allah gyara wa uwarta kuskure take yi. Uwar ta ɗaga hannu za ta make ta, Vincent ya fara ba da haƙuri, sa, sa, yarinta ce. Torkula ya ce kada wanda ya taɓa ta. Ya san hoton. Ranar da Msurshima ta gama makarantar jinya aka ɗauka, Francisca ce ta tilasta masa yafa zanen Tibi, ta danna shi a kujera ta tsaya a kansa har aka gama. Ba haushin yarinyar ya ji ba, haushin kansa ya ji, don duk abin da ta faɗa shi ya nuna mata da hannunsa.

Ya kunna sigina ya gangara gefen titi gaban wani shagon faci. Ya fito, ya zagaya ya buɗe ƙofar Vincent ya miƙa masa makulli. Tun da ya sayi motar nan ko makanike bai taɓa zama a kujerarsa ba sai da dalili mai ƙarfi. Ya gaya wa surukin nasa birkin na son a taka da wuri. Sannan ya cire hula, ya buɗe ƙofar baya, ya shiga ya zauna kusa da jikarsa.

Bai san inda zai ajiye hannuwansa ba, sai ya ɗora su a gwiwa. Yarinya ta matsa jikin uwarta tana ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Ya lalubi Turancin da ba na aiki ba, da ƙyar ya samo kaɗan. Ya ce mata shi ne, zanen na nan a akwati a gida, tsufa ne ya canja fuskar. Ya ce uwarta da tana kamarta ko kaza ta gani sai ta gudu ta haye bayansa. Yarinya ta dubi uwarta, uwar ta gyaɗa kai tana share ido da bayan hannu. Yarinya ta sake dubansa.

"To me ya sa ba ka cin abinci da mu?"

Ya ɗauki hularsa yana jujjuya ta a hannu. Ita kuwa sai ta shiga ba shi labarin dorina tun daga farko, yadda suka zauna har ƙafarta ta yi tsami, yadda kunnuwa suka fito, ta wage nata bakin iya ƙarfinta don ya ga girman hammar. Ya ce ashe, ya ce sai kuma me. Ta matso kaɗan har gwiwarta ta taɓa tasa. Yau da yake roƙon Allah cunkoso ya riƙe su, hanya ta buɗe tar. Ba ta kai ƙarshen labarin ba Vincent ya karya kwana ya shiga tasha.

Sauran duk gaggawa ce. Mota ta cika su ake jira, direban na danna hon, aka fizgi akwatuna. Msurshima ta riƙe hannunsa ta ce za su dawo da Ista, in ba haka ba baɗi, amma shi da ita duk sun san yadda hutun asibiti yake. Aka ɗaga yarinyar ta taga. Ta ɗaga masa hannu ta kira shi kaka, sai dai kafin ta faɗa sai da ta waiwayi uwarta ta tabbatar. Ya tsaya har motar ta hau titin Makurɗi ta shige cikin manyan motoci.

Ya dawo wajen Siyena riƙe da makullin da Vincent ya mayar masa. Vincent ya ajiye ta a karkace, ta tare rabin mashiga. Torkula ya tsaya a bakin ƙofar direba, sai ya wuce ta, ya buɗe ta baya ya shiga ya ja ƙofa. Ya zauna a gefen da ya zauna ɗazu, ya bar wa yarinyar nata. Bai san iya lokacin da ya ɗauka a haka ba, sai ji ya yi ana dukan but da tafin hannu. Wani ɗan kamasho ne baƙon fuska, ya leƙo ta gilas yana masifa, wai ina direban motar nan da ya zo ya toshe wa mutane hanya.

Torkula ya ɗan buɗe ƙofa.

"Direba ya fita," ya ce. "Ka bari sai ya dawo."